Yadda za ka ƙirƙiri ƙabilar shaiɗanu masu shiga jikin mutum a labarinka

Duk wanda ya saba karanta labaran ban tsoro da ake saki a waya ya san yadda abin yake tafiya. Yarinya ta fita da magariba ta watsa ruwan zafi ba bismilla, dare na yi ta fara magana da muryar gardi, ido ya kaɗa ya yi ja, gashi ya baje, a ɗauko malam ya yi karatu, aljani ya ce shekararsa dubu uku kuma sonta yake, a ce masa ya fita ta ɗan yatsan ƙafa, ta yi atishawa ta farka tana tambayar me ya faru, shikenan. Na karanta irin wannan ya fi a ƙirga, ni ma kuma na rubuta irinsa ba sau ɗaya ba don haka ba gori nake wa kowa ba. Matsalar dai ita ce mai karatu ya riga ka isa ƙarshe tun kana feji na biyu, toh wa zai ji tsoron abin da ya haddace?

Abin da zan nuna a nan shi ne yadda ake gina sabuwar ƙabila tun daga tushe, halittun da suka zo daga wata duniya suna shiga jikin mutane, naka na kanka da babu wanda ya san dokarsu sai kai. Zan riƙa ginawa da misali ɗaya har ƙarshe don abin ya fi zama a kai.

Mataki na farko: raba su da aljanun da addini ya faɗa

Wannan ka fara yi kafin komai. Aljanu a wurinmu ba tatsuniya ba ne, akwai sura guda sukutum da sunansu, sura ta 72, kuma a cikinta su da bakinsu sun ce akwai na kirki a cikinsu akwai waɗanda ba haka ba, Suratur Rahman kuma ta faɗi cewa daga harshen wuta aka halicce su. Idan ka ce halittunka aljanu ne toh ka ɗaure kanka, duk dokar da ka ƙirƙira musu wani zai taso ya ce ina ka samo, kuma da gaskiyarsa. Mafita mai sauƙi ce, tun a farkon littafi ka sa wani dattijo ko malami a cikin labarin ya duba ya ce wannan ba aljani ba ne, ban san mene ne ba. Jimla ɗaya ce amma aiki biyu take yi, ta cire ka daga ƙirƙira wa addini abin da bai ce ba, sannan ta cire wa mai karatu kwanciyar hankali, don ya saba da zarar malam ya shigo magana ta ƙare.

Mataki na biyu: yunwarsu

Yawancinmu da siffa muke farawa, ƙaho ne ko kofato ko ido ɗaya. Bar siffa tukuna. Tambayar farko ita ce me suke nema a jikin mutum da babu shi a inda suka fito? In amsarka ita ce kawai mugaye ne, labarin zai mutu a hanya, saboda mugunta zalla ba ta haifar da dabara, yunwa ce take haifarwa.

Kuma ba sai ka je nesa neman darasi ba, Allah ya halicci masu zama a jikin wani tuli a gabanmu. Ɗauki kurkunu, wanda iyayenmu suka sha fama da shi kafin a tabbatar ya ƙare a Najeriya da Nijar a 2013. Mutum ya sha ruwan tafki da ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da ƙwayarsa, ya tafi harkarsa, kusan shekara guda ba ciwo ba alama, tsutsar tana girma a ciki har ta kusa mita ɗaya, sai rana ɗaya ƙurji ya fito a ƙafa yana zafi kamar an ɗora garwashi, me mutum zai yi? Ya ruga ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, ita kuma dama abin da take jira kenan, ta zuba 'ya'yanta a ruwan da gari ke sha. Ka lura fa, ba ta yi masa magana ba, ba ta murɗe masa wuya ba, zafi kawai ta sa masa shi kuma ya kai ta inda take so da ƙafarsa yana ganin dabararsa ce. Wallahi duk wani aljanin littafi da na karanta bai kai wannan iya mugunta ba.

Ko ƙuduji a gonar dawa da gero. Irinsa yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 bai tsiro ba, sai ya ji alamar saiwar dawa a kusa sannan ya farka ya manne mata, kuma kafin furen nan nasa mai kyau ya leƙo sama ya riga ya gama tsotse ta a ƙarƙashin ƙasa. A dazuzzukan Tailan da Barazil kuma akwai wata irin funfuna da ke kama tururuwa, ta sa ta bar gida ta hau tsiro kamar taƙi guda daga ƙasa, ta ciji jijiyar ganye ta maƙale ta mutu a nan, daga baya wani tsinke ya tsiro ta bayan kanta yana zubo iri a kan 'yan uwanta da ke wucewa. Ciwon haukan kare ma haka, yana taruwa a yawu sannan ya sa dabbar cizo.

Abin da za ka ɗauka daga duk waɗannan shi ne kowanne buƙata ɗaya gare shi, kuma duk abin da yake sa mai jikin ya yi, hidimar wannan buƙatar ce. Toh rubuta taka a layi ɗaya. Tawa ga ta: a duniyarsu ba a haihuwa ba a mutuwa, ba su taɓa rasa kowa ba, ranar da ɗayansu ya fara ɗanɗana zafin rashi a ƙirjin ɗan Adam sai ya zame musu abin da ba sa iya rayuwa babu shi, kamar mai shaye-shaye.

Mataki na uku: suna da mahaifa

Kar ka haɗa haruffa barkatai ka ce suna ne, irin su Zargumaza ko Kirbazul, yara ma dariya za su yi. Mutane ba sa kiran abin tsoro da sunansa na gaskiya, sakaya shi suke yi, shi ya sa muke cewa mutanen ɓoye, ko iska, ko a ce da maciji igiyar ƙasa in dare ya yi. Nemi suna daga kalmomin yau da kullum wanda mutanen garin labarinka za su iya raɗa wa abin da bakinsu. Nawa na sa musu Baƙin Ciki, wato baƙi na ciki, waɗanda suka sauka a cikin mutum. A baki akwai bambanci da baƙin cikin da muka sani, ja da sautin ba ɗaya ba ne, amma a rubutun boko iri ɗaya sak suke fitowa, don haka duk inda wani a littafin ya ce baƙin ciki ne ya kama ta, mai karatu ba zai san wanne ake nufi ba. Kyauta ce harshen ya ba ni ban biya ko sisi ba.

Duniyarsu kuwa kar ka ɓata feji goma kana zana mana ita. Abu uku sun isa, kuma duk su zama abin da babu a can: babu dare, babu gishiri, babu kabari. Mai karatu zai ƙarasa sauran da kansa kuma nasa zai fi naka ban tsoro.

Mataki na huɗu: ƙofa

Ta ina suke shiga, kuma wa ba sa iya shiga? In kowa za su iya kamawa kowane lokaci toh me ya hana su cinye garin a feji na farko, dole akwai sharaɗi. Kuma sharaɗin ya zama abin da mai karatu shi ma yana yi ko zai iya tsintar kansa a ciki, don ya ajiye waya ya ce kai, ni ma fa. Baƙin Ciki gidan makoki suke bi, suna zuwa cikin masu ta'aziyya, a kan tabarma, lokacin da ake ta Allah ya jiƙan rai ana shafa fatiha. Amma ba mai kuka suke shiga ba, mai kuka ƙofarsa tana zubarwa. Wanda ya haɗiye suke nema, wannan da kowa ke yabo ana cewa kai wance akwai tawakkali ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, alhali abin yana nan dunƙule a ƙirji ba ta kai shi ga Allah ba ba ta kai shi ga mutum ba. Ka ga yanzu duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san irin wannan matar, wataƙila ma ita ce mahaifiyarsa.

Ka yanke kuma ko ɗaya ne ke shiga mutum ɗaya ko suna iya taruwa, ko suna iya tsallakawa daga jiki zuwa jiki da kuma me tsallaken yake buƙata. Ni na ce ɗaya ga mutum ɗaya, kuma ba ya fita don kansa sai ya ji ƙanshin rashin da ya fi wanda yake ci. Riƙe wannan dokar, za ta yi mana aiki a gaba.

Mataki na biyar: agogo

Shigar farat ɗaya ita ce ke kashe yawancin labaran nan. Jiya lafiya yau tana tafiya a bango, toh daga nan ina kuma za ka hau? Raba abin zango-zango, kuma ka ba shi wa'adin da in ya wuce ba dawowa. Ni ban wahalar da kaina ba, al'ada ta riga ta yanka min: uku, bakwai, arba'in. Zuwa sadakar uku baƙon yana kwance ne yana saurare, yana koyon sunaye da hanyar banɗaki da wa ake jin nauyi a gidan. Daga uku zuwa bakwai ya fara gwada hannu da harshe, minti kaɗan, yawanci da asuba ko in ta gaji. Daga bakwai zuwa arba'in suna raba yini, kullum rabonsa na ƙaruwa nata na raguwa. Ranar arba'in in an watse, mai gidan ta zama baƙuwa baƙo ya zama mai gida. In matar mamacin ce ma kana da wani agogon a kan wannan, wata huɗu da kwana goma na takaba, tana cikin gida ba mai ganin sauyin sai 'yan gida, ka ga an rufe maka ƙofa da kyau.

Amfanin wa'adi shi ne kowane feji za ka iya buɗe shi da kwana na nawa ake, mai karatu yana ƙirgawa tare da kai ba sai ka ce masa hankali ya tashi ba.

Mataki na shida: alamu, kuma a nan ne aikin yake

Jan ido da muryar gardi da ƙarfin maza goma duk an gama da su. Ba mu kaɗai ba ma, littafin ibadar cocin Katolika na 1614 ya lissafa alamun da limaminsu zai duba, magana da harshen da mutum bai taɓa koya ba, sanin abin ɓoye, ƙarfin da ya wuce na jikinsa, ka ga shekara ɗari huɗu kenan ana jan wannan igiyar, finafinan Turawa ma a kanta suke har yau. Kai kana da abin da ba su da shi, wato kunya da ladabin gidan Bahaushe, dokoki ɗari da babu inda aka rubuta su. Baƙo zai iya kwafe murya da tafiya da girki, zai iya haddace sunan kowa, amma ba zai san abin da ba a faɗa ba, saboda ba a faɗarsa ɗin.

Zauna ka lissafa su. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Mace ba ta gatsa sunan mijinta a gaban surukai. Ba a miƙa wa babba abu da hagu. Ba a shiga ɗakin tsohuwa da takalmi. Ana tambayarka ina gajiya ka ce ba gajiya ko da kuwa ka kwana dakan sakwara, ana ce maka ya jiki ka ce da sauƙi ko kana jin ranka na fita. Toh ka sa a tambayi matar nan ya ƙarin haƙuri, maimakon ta ce da godiya sai ta tsaya ta yi tunani da gaske ta ce babu, kuma da daɗi. Ka sa ta zauna cin tuwo a gaban surukinta tana kallon idonsa. Ka sa ta riƙa lasar gishiri a tafin hannu in ta zaci ba mai gani, tunda mun ce babu shi a garinsu. Babu jini babu ihu a duk wannan amma Bahaushen da ya karanta sai tsigar jikinsa ta tashi, don ya san uwarsa ko a gigin mutuwa ba za ta yi haka ba.

Sai wasa. Baƙo ba ya gane wasa. Jika ya shigo ya ce wa kakarsa ke tsohuwa yaushe za ki mutu mu huta, wanda kullum sai ta rama ta ce kai da ka kasa biyan kuɗin cefane, yau sai ta dube shi ta ce saura kwana talatin da ɗaya. Haka taubashi, haka wasan Bafulatani da Babarbare ko Bakano da Bazazzagi, duk gwaji ne da mutanen labarinka za su iya ganowa da kansu su riƙa amfani da shi a ɓoye don tantance wa aka shiga. Ni a wurina fejin da iyali suka zauna suna tsokanar juna da gangan, kowa na dariyar dole yana satar kallon wanda bai yi dariya ba, ya fi duk wani fejin tsafi da zan iya rubutawa.

Wata shawara, ka jera alamun daga ƙarama zuwa babba, kuma kowace ta farko-farkon ta zama tana da uzuri. Ai rashi ne ya taɓa ta, ai ba ta barci, ai hawan jini ne. Iyali su yi ta ba ta uzuri har lokaci ya ƙure, haka mutane suke yi a gaske.

Mataki na bakwai: ƙabila ce, ba dodo ɗaya ba

Tunda ka ce ƙabila toh su bambanta. A nan ko ba ka son bori, kuma ba cewa nake ka je ka yi ba, akwai darasin gini a yadda 'yan bori suka tsara iskokinsu. Sun ba su gari, Jangare, da sarki da gidaje da zumunci a tsakaninsu, kowanne da kirarinsa da kiɗansa a garaya ko goge da kalar tufarsa. Wanda aka hau namiji doki ne mace godiya, kuma 'yan kallo ba sai an gaya musu wa ya sauka ba, jiki ne ke faɗa: Malam Alhaji tsoho ne mai tari da jan carbi, Kuturu yatsu a dunƙule yana kore ƙuda, Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da caca da kyautar banza, Sarkin Rafi kuwa hauka tuburan. Kar ka kwashe waɗannan ka zuba a littafinka, ba naka ba ne, dabarar za ka ɗauka, wato kowane ɗaya a gane shi ta motsi ɗaya da kwaɗayi ɗaya ko da ya canza jiki. Nawa akwai wanda rashin ɗa kawai yake ci, in ya shiga mutum sai ya riƙa jijjiga gwiwa kamar mai rarrashin jariri. Akwai tsohonsu da ya daɗe yana yawo a jikin mutane har ya koyi wasa da kunya, shi ne ba a iya kamawa, kuma shi ne ya kamata ya zama babban abokin gaba. Akwai kuma ƙaramin da ya fara jin tausayin matar da yake ci, wanda a wurinsu cuta ce.

Ka tuna kuma irin waɗannan halittu suna ɗaukar kamannin tsoron zamaninsu. Wajen 1925 a yankin Filinge ta Nijar aka ga sababbin iskoki da ake kira Hauka ko Babule, suna fareti suna sara wa juna suna ba da oda kamar sojan Faransa, saboda abin da ke danne mutane a lokacin kenan. Tambayi kanka me ke danne masu karatunka yau, sai ka bar ƙabilarka ta yi warinsa. Garin da aka yi rashi da yawa a lokaci ɗaya, ambaliya ko hari ko annoba, a wurin Baƙin Ciki kasuwa ce ta ci.

Mataki na takwas: ina mai jikin take

Kar ka manta da ita, da yawa muna mantawa. In baƙo ya karɓi jiki ita tana ina, tana gani, tana ji, ko barci take? Wanda ya taɓa fama da dannau ya san yanayin, idonka biyu kana jin motsin kowa a ɗaki amma ko yatsa ka kasa ɗagawa, ihu ya tsaya a maƙogwaro. Ba ta feji nata da bakinta daga can ciki, tana kallon hannunta na zuba wa 'yarta abinci ba ita ke motsa shi ba. Sannan ga abin da zai rikita mai karatu: tunda baƙon baƙin cikinta yake ci, tun da ya shigo ta daina jin zafin rashin, karon farko tana samun sauƙi. Wani ɓangare nata ba ya so ya fita.

Mataki na tara: fitarwa da farashinta

In fitar da shi kyauta ne toh duk tsoron da ka tara ya zube. Kuma ka yi hattara da yadda za ka taɓa addu'a, kar ka rubuta an karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi abin yana dariya, masu karatu ba za su yafe maka ba kuma ba ka buƙatar hakan. A nawa addu'a tana rage masa gudu, tana farkar da mai jikin a ciki ta samu awa ɗaya ko biyu da bakinta, ita ce ma ke ba iyali damar jin ta bakinta. Amma cire shi sai an bi sababi, kamar yadda ake addu'a kuma a je asibiti.

Hanya biyu na bari. Ta farko irin ta kurkunu ce, da ake naɗe shi a tsinke kullum a ja kaɗan har makonni, in aka yi gaggawa ya tsinke a ciki ƙafa ta kumbura. Kullum sai an zaunar da ita an tuna mata mamacin, abu ɗaya a rana, rigarsa, muryarsa, faɗan da suka yi, har ta yi kukan da ta haɗiye, baƙon yana fita da kowane hawaye. Farashin shi ne duk abin da ya fita ya fita kenan, ranar da aka gama za ta tashi lafiya amma ba ta san ta taɓa auren mutumin ba, 'ya'yanta na nuna mata hotonsa tana cewa wane ne wannan. Ta biyu ta fi sauri, ka tuna dokar da na ce ka riƙe, yana fita in ya ji rashin da ya fi nata. Wato wani a gidan ya buɗe nasa ƙirjin ya karɓe shi, ko kuma, in akwai mara imani a gidan, ya ƙirƙiri sabon rashi. Ka ga yanzu mugun labarin ba lallai baƙon ba ne.

Mataki na goma: takardar doka da sakin labari

Kafin ka saki feji na farko a WhatsApp ko Wattpad, rubuta duk dokokin nan a takarda ɗaya ka manna inda kake gani. Na taɓa cewa halittuna ba sa tsallaka ruwa a farkon wani labari, wata biyu bayan nan na manta na sa ɗaya ya bi jarumar har cikin kwalekwale, wata mai karatu ta turo min hoton tsohon fejin ta ja layi a ƙarƙashi ba ta ce komai ba, har yau in na tuna sai na ji kunya. Mai karatu zai yarda da kowace irin ƙarya in dai ba ka saɓa wa taka ƙaryar ba. Dokokin kuma kar ka zazzage su a gabatarwa, kai ka san goma, mutanen labarin su gano ɗaya-ɗaya, kuma su fahimci ɗaya a karkace ta ja musu asara kafin su gyara.

Abu ɗaya da nake roƙo, kar alamun ƙabilarka su zama faɗuwa da kumfar baki da sambatu. Wannan farfaɗiya ce da taɓin hankali, cututtuka ne masu magani a asibiti, kuma akwai masu su da ake ɗaurewa ana duka da sunan cire iska, kar littafinka ya ƙara wa wani bulala. Wani dalilin kenan da ya sa na fi son alamun kunya da wasa, babu mara lafiyar da za a kama da su.

Sai gwaji na ƙarshe kafin ka ci gaba. Rubuta fage ɗaya gajere, ba jini, ba duhu, ba a ambaci sunan halittar ba, ka tura wa mutum ɗaya da bai san komai a kan labarin ba. In ya tambaye ka me ke damun matar nan, ginin ya tsaya, ka ci gaba. In ya ce ya yi daɗi kawai, koma mataki na shida. Nawa ga shi:

Ranar sadakar bakwai da la'asar an fara naɗe tabarmi, Inna na zaune bakin murhu inda ta saba. Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kai yaro take cewa, ko ta aiko ƙanwata ta ce kira min wancan. Na zo wucewa da buta sai ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, ta yi murmushi, ta ce, "Aminu, miƙo min gishirin nan." Goggo da ke tankaɗe a gefe ta tsaya da rariya a hannu.